Faifai a hannuna, garmaho a gidan Yaya

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu a 2003, akwai kaya biyu da ba wanda ya ja magana a kansu. Na farko garmaho ne, irin mai dogon akwatin katako da rediyo a jikinsa, wanda sai mutum biyu sun kama yake ɗaguwa. Na biyu kwali ne cike da fayafayai. Yayana ya ce a bar garmahon inda yake, tunda shi zai ci gaba da zama a gidanmu na Hausare. Ni kuma na ɗauki kwalin na tafi da shi gidana a Yelwa, don ni ne mai son waƙoƙin. Ba wanda ya tsaya ya lissafa cewa faifan da ba garmaho, faifan rufe ƙwarya ma ya fi shi amfani. A lokacin kullum muna tare a shago, tare muke cin abincin rana, to wa zai kawo wannan lissafin a ransa?

Mu 'yan Garwa ne, amma kakanmu daga Kano ya zo da fatauci. Baba ya tashi a zamanin da tashar jirgin ruwa ce ke riƙe da garin. Idan damina ta yi nisa Binuwai ya cika, jirage kan hauro daga bakin teku ta Lakwaja da Yola da gishiri da siminti da kananzir da yadi, su koma da auduga da gyaɗa kafin ruwa ya janye. Cinikin shekara guda a cikin 'yan watanni ake ƙulla shi. A nan Baba ya haɗu da wani Bafulatani mai rubuta kaya a tashar, suka haɗa jari suka buɗe shagon yadi. Ba mu haɗa jini da mutumin nan ba, amma Kawu muka tashi muna ce masa, kuma har ya rasu ban taɓa jin wani a gidanmu ya kira sunansa ba.

Ban taɓa ganin mutum biyu da halinsu ya bambanta irin nasu ba. Baba muryarsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, tun daga bakin layi ake jin cinikinsa. Bai yi boko ba, lissafinsa a ka yake. Kawu kuwa sai ka matsa kusa za ka ji abin da yake faɗa. Shi ke riƙe da littafi, shi ke magana da 'yan duwan da Faransanci, shi ke sanin ranar da bashi ya cika. Shekara fiye da talatin suka yi a shago ɗaya.

Garmahon ma ta hanyar bashi ya shigo gidanmu. Wani Bature ma'aikacin kamfanin ciniki ne zai koma ƙasarsu, Baba yana bin sa kuɗin yadi, sai ya ce ga abin da yake da shi. Kawu ya ce an yi asara. Baba ya ce a ɗauko. Daga baya ya riƙa sayo na Shata da Ɗan Maraya Jos duk lokacin da ya je Kano, su ne baƙi ke roƙon a sa musu. Amma a cikin fayafayan Baturen akwai guda ɗaya da Baba ya riƙe wa kansa. A jikin kwalinsa hoton mutum biyu ne baƙaƙen fata zaune a kujeru. Macen ta ɗora hannuwa a cinya, namijin yana riƙe da ƙaho irin na 'yan badujala, ga farar safarsa a naɗe a idon sawu. Sunan faifan Ella and Louis.

Baba ba ya jin ko "zo" da Turanci. Amma bayan isha'i, idan gari ya ɗan sha iska, sai ya kunna garmahon, a jira kwalaben ciki su yi zafi, ya ɗora allura. Muryar macen ce mai santsi kamar an zuba man shanu a tuwo mai zafi, sai ta namijin ta shigo da gurnani. Nan Baba zai nuna akwatin da yatsa ya ce, "Kun ji ni nan. Waccan mai laushin kuwa Kawunku ne." Mu yi ta dariya. Inna daga tsakar gida ta ce, "Malam, yau ma kiɗan Nasaran ne?" Shi ya ce, "Ba Nasara ba ne, 'yan uwanmu ne da aka kwashe." Mu yara mun ɗauka yabon kansa yake yi, tunda a kunnenmu mai gurnanin nan shi ne uban tafiya.

Ni da Yaya muka gaji shagon, kuma ba tare da mun shirya ba muka gaji rabon aikin. Shi ke zuwa saro kaya Kantin Kwari da Mubi da Yola. Shi ya san 'yan sarin da ke karɓar kaya bashi daga Fitowa da Gidar da Figil har Foli. Ni na yi makaranta, don haka littafi da banki da takardun duwan suna hannuna. Mun yi shekara goma sha shida a haka, da daɗi da ba daɗi.

A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu. Kafin mu farfaɗo, a Maris na 2020 Kamaru ta rufe nata saboda korona. Hanyar Yaya ta toshe, shago ya fara yin fayau. Ni kuwa ina da abokai da ke odar kaya daga Sin da Dubai ta waya, kaya su sauka a Duwala, jirgin ƙasa ya kawo su Gaundare, mota ta ƙaraso da su Garwa. Na kawo shawarar sau biyu. Yaya ya ce shi ba ya tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa cin abinci da shi ba, a yi haƙuri hanya za ta buɗe. Sai na ɗebi kuɗin shago ban gaya masa ba, na shiga kwantena da wasu mutum uku.

Da na yi asara, wataƙila da abin ya zo da sauƙi, don da na je na durƙusa na ba da haƙuri. Riba na ci, riba mai kyau. Ranar da kayan suka iso, Yaya ya tsaya yana kallon yara suna sauke dila, ya ce, "Auta, kuɗin wa aka tura?" Ni kuma a gaban yaran shago da 'yan dako na ce, "Yaya, kasuwar yanzu ba ta jiran mai tafiya da ƙafa. Zamaninku ya wuce." Bai ce uffan ba. Ya gyara hularsa ya fita. Bayan mako guda ya aiko limamin unguwarsu da wani dattijo, ya ce a raba jari cikin mutunci.

Aka raba. Shekara uku muna gaisawa a wurin suna da jana'iza kamar surukai. Matanmu suka rage zuwa gidajen juna. Yaran da suka tashi a tabarma ɗaya suka koma sai a waya. Ni kuma a shekarar farko na fara gane abin da littafina bai taɓa nuna mini ba. Bashin da ke wurin 'yan sarin ƙauyuka ya ƙi dawowa. In buga waya, a ce gobe. In aika saƙo, a karanta a yi shiru. Ashe mutanen nan ba shagon suke biya ba, Yaya suke jin kunya. Shi ne wanda ya hau babur ya je gaisuwar mahaifiyar wannan, ya kwana a bikin 'yar wancan. Tafiyar ƙafar da na raina ita ce ke dawo da kuɗin da nake rubutawa. Na gane, amma girman kai bai bar ni na taka zuwa Hausare ba.

A ƙarshen 2023 babban ɗan Yaya ya zo hutu daga Faransa, inda yake aiki. Ya zo gaishe ni da wata leda mai faɗi a hammata. Ya ce, "Bappa, ga tsarabarka." Ina buɗewa na ga mutanen nan biyu a kujerunsu, safar nan tana nan a naɗe. Sabo fil, ko ƙura babu. Sai da na zauna.

Na Baba ya daɗe da lalacewa, kuma laifina ne. Na kwantar da kwalin a saman kabad, ƙarƙashin rufin kwano. Wanda ya san zafin Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san abin da zai biyo baya. Faifan ya lanƙwashe kamar gurasa. Duk mai irin waɗannan a gida ya jingine su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai inuwa, kada ya ɗora musu nauyi.

Yaron ya zauna ya ba ni labarin faifan, abin da Baba ya rasu bai sani ba. Namijin shi ne Louis Armstrong, haifaffen New Orleans a 1901. Macen Ella Fitzgerald, an haife ta a 1917. Irin kiɗansu ake kira jaz, kiɗan da baƙaƙen fatan Amurka suka ƙirƙiro. Wanda ya haɗa su wani mai shirya wasanni ne, Norman Granz, wanda ya kafa kamfanin Verve a 1956, kuma an san shi da ƙin yarda a raba wa farare da baƙaƙe wurin zama a wasanninsa. Dillali ne na ƙwarai, in ji ɗan Yaya, irin wanda ya san wane kaya ya dace da wane mai saye. A rana ɗaya, 16 ga Agustan 1956, aka ɗauki waƙoƙi goma sha ɗaya da ke ciki, a ɗakin ɗaukar murya na Capitol a Hollywood. Ya karɓu har suka sake yin na biyu a 1957.

Maganar Baba ta 'yan uwantaka ma ba ta faɗi ƙasa ba. Wata uku kafin a ɗauki faifan, a Mayun 1956, Armstrong ya zo Akara, tun Gana ba ta sami 'yanci ba. Ya dawo Afirka a Oktoban 1960, ya yi wasa a Najeriya, akwai ma hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, daga nan ya wuto Kamaru a shekarar da ta sami 'yancin kai ƙarƙashin ɗan garinmu Ahmadu Ahijo.

Na tambaye shi, yanzu da kowace waƙa tana cikin waya, wa ke sayen faifai? Ya ce kasuwarsa ta dawo. A Amurka, a 2022 an sayar da fayafayan garmaho fiye da na CD, abin da rabon da a gani tun 1987. A shekarar ce aka sake buga wannan daga ainihin tef ɗin da aka ɗauka tun farko, a kan roba mai kauri, giram 180. Na auna shi a tafin hannu, ya fi na Baba nauyi. Kuɗinsa kuwa ya kai na turmin atamfa mai kyau. Ɗan kasuwa dai ba ya rasa darasi a nan: kayan da kowa ya zubar, in yana da kyau, wata rana za a dawo nemansa da tsada.

Na ce, "To, da me zan saurara?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, ya ce, "Ai garmahon Kaka yana nan a gida, Bappa." A nan na gane yaron nan ba tsaraba ya kawo mini ba, tarko ya ɗana. Da ya so, da ƙaramin injin sa faifai ya haɗo mini da shi, suna nan birjik a inda ya fito.

Kwana tara faifan yana jingine a ɗakina. Uwargida ta gaji ta ce, "Alhaji, zumunci dai a ƙafa yake. Ko hoton za ka yi ta kallo?" Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauka na tafi. Na yi sallama, Yaya ya fito. Muka gaisa gaisuwar nan mai tsawo da ba ta cewa komai. Na ce na zo ne in ga ko garmahon Baba yana aiki. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya ce, "Shigo."

Ba ya aiki. Rediyon yana ɗan tari, amma farantin ba ya juyawa. Muka nemo wani tsohon mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa. Ya ce robar da ke juya farantin ta bushe, allurar kuma ta cinye, in aka ɗora ta a kan sabon faifai za ta huɗe shi kamar garma. Sai an aiko da wata daga Duwala, kuma sai ya rage wa hannun allurar nauyi. Gyaran ya ɗauki mako uku. Kusan kullum sai na je duba aiki, kuma ba a zuwa gidan yaya a tashi ba a ci tuwo ba. Maganar shago ba wanda ya taɓa ta. Muna hirar Coton Sport, da tsadar siminti, da ciwon gwiwarsa.

Daren da aka gama, mu uku ne a ɗakin Baba, ni da Yaya da ɗansa. Aka jira kwalabe suka yi zafi. Da muryoyin nan suka fito, wallahi sai na ji kamar in waiwaya in ga Inna a bakin ƙofa.

Yaron ya riƙa nuna mana abin da kunnenmu bai taɓa kamawa ba. Mai fiyano, Oscar Peterson, an san shi da saurin yatsu, amma a nan a hankali yake bin su kamar mai rakiya. Mai ganga, Buddy Rich, ya yi suna wajen duka da ƙarfi, a nan kuwa da 'yar tsintsiyar waya yake shafar fatar. Mai kaɗa ƙaton gogen nan na tsaye, Ray Brown, tsohon mijin Ella ne, sun rabu tun 1953. Yaya ya ce, "Tsaya. Ya sake ta, kuma ya zo yana yi mata kiɗa?" Ya ce ƙwarai. Yaya ya yi dariya har da tari, ya ce, "Lallai waɗannan sun san sana'a."

Sai yaron ya kawo maganar da ta tsaya mini a rai. Kowane mawaƙi yana da matakin da muryarsa ke zama daidai. Ta Ella tana hawa sama ta sauko ƙasa yadda ta ga dama. Ta Armstrong kuwa 'yar hanya ce siririya, shekaru da busa sun ci ta. Masu tarihin faifan sun ce a matakin muryarsa aka yanka waƙoƙin, ita ce ta bar inda ta fi sakewa ta same shi a inda yake. Wanda ya taɓa kallon makaɗin kalangu yana matse tsirkiya a hammata don ganga ta bi muryar mawaƙi ya san irin wannan aikin. Kuma ba ta yi shi da ɗaurin fuska ba. A ƙarshen waƙar da ake kira Tenderly har kwaikwayon gurnaninsa take yi, kana jin tsokanar da ke tsakaninsu.

Da gefen farko ya ƙare, allura tana ta ƙas-ƙas, Yaya ya ce ɗansa ya je ya kawo shayi. Da ya fita sai ya ce, "Auta, ka san abin da ya sa Baba yake cewa shi ne mai gurnanin?" Na ce yabon kai ne irin nasa. Ya girgiza kai.

Ya ce a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, ni ina makaranta a Yawunde. Kafin nan da 'yan watanni Baba ya karɓi shadda 'yar Turai mai yawa bashi, Kawu ya hana shi bai ji ba. Dare ɗaya bashin ya ninka. Bisa ƙa'ida Kawu yana iya cewa wanda ya ɗauko ya sauke. Sai ya tafi rugar danginsa ya sayar da shanunsa, ya kawo kuɗin ya rubuta a littafi a matsayin asarar shago, rabi da rabi. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Yaya ya ce, "Baba ya san shi ba ya iya sauya murya. Tun farko ya san wa ke saukowa ya same shi. Godiya yake yi, ku kuna dariya."

Ban sami abin cewa ba. Ni ne na yi karatu, ni ne mai waya da banki, ni nake da hanyoyi da yawa. In akwai wanda ya kamata ya sassauta ya jira ɗan uwansa, ni ne. Shawarata ta kwantena ba ta ɓaci ba, ko yau aka dawo zan sake kawo ta. Abin da ya ɓaci shi ne na ɗauki kuɗin mutum biyu na yanke hukunci ni kaɗai, sannan na kunyata yayana a gaban yaransa. Na ce, "Yaya, na yi kuskure. Ka yafe mini." Ya ce, "Juya faifan, akwai saura a baya."

Ba mu mayar da shago ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya. Yara sun girma, kowa ya shigo da nasa cikin harka, kuma abin da aka raba a gaban liman ba a haɗe shi da shayi ɗaya. Abin da muka yi shi ne, yanzu in zan yi oda sai na je Hausare da ƙafata na nuna masa samfuri, ya murza yadin a yatsa ya ce wannan zai shiga ƙauye, wannan ba zai shiga ba. Sau biyu ya hana ni, sau ɗaya na gardama na saya, kayan suna nan a sito har yau. Shi kuma ya karɓi littafin tsofaffin basussukana ya ce in bar masa. Ya fi rabi ya dawo. Duk abin da muka haɗa kuɗi a kai muna rubutawa, kowa ya sa hannu, don ba kowa ne Kawu ba, mu ma ba mu kai shi ba.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan suna da ɗan uwa a wani gari da suke juya kuɗi tare, ɗaya a Kano ɗaya a Duwala, ɗaya a Marwa ɗaya a Jidda. Kusan kullum akwai mai sauri akwai mai nawa, kuma mai saurin yakan ɗauka shi ke ɗauke da kayan. Ni ma haka na ɗauka, sai da na yi shekara uku ina bin bashin da ba ya dawowa.

Faifan yana Hausare yanzu, a tsaye a cikin kabad ɗin Baba, nesa da taga. Ran nan na ce zan ɗauke shi in sayi ƙaramin inji in ajiye a gida. Yaya ya ce, "A'a. Bar shi nan. In kana son ji, ka san hanya."